Injin gashi kaɗai ba zai ishi masu ciwon daji ba, a haɗa kai a yi bincike

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum warahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ku da sauran ma'aikatan wannan jarida tamu mai farin jini, don Allah ina roƙon ku ɗan sam mini fili in yi magana a kan ciwon daji, wato kansa, da irin riƙon da muke yi wa masu fama da shi a nan Arewa. Ni nas ce, na daɗe ina aiki a ɗakin kwanciyar mata na ɓangaren tiyata a wani babban asibitin gwamnati, kuma maganar nan mun sha yin ta da abokan aikina a teburin nas-nas da tsakar dare, toh sai na ga gara in fito da ita fili inda masu iko da masu ilimi za su gani ko Allah zai sa a dace.

Da farko wanda ya yi abin yabo a yaba masa. A 2025 an buɗe sabuwar cibiyar masu kansa a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina tare da wasu biyu a Enugu da Benin, ga hukumar NICRAT ta bincike da maganin kansa da ta fara aiki a 2023, ga asusun tallafa wa marasa ƙarfi da aka soma a 2021 a asibitoci shida ciki har da asibitin koyarwa na Shika a Zariya da na Gombe, sannan tun Oktoban 2023 ake yi wa yara mata 'yan shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin kansar bakin mahaifa kyauta. Duk wanda ya taɓa ɗauko mahaifiyarsa daga ƙauye ya niƙi gari har Abuja ko Ibadan neman injin gashi, wato injin da ke ƙona ciwon daji da haske, ya je ya tarar da layin watanni ko a ce masa injin ya tsaya, shi ya san darajar a ce yau ga inji kusa da gida. Na yi murna wallahi har cikin raina. Sai dai Malam Edita mafi yawan matan da ke kwanciya a gadajenmu sun riga sun wuce inda inji kaɗai zai fishshe su, kuma su ɗin ne ba na jin ana maganarsu ranar bikin buɗewa.

Ƙiyasin cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce mutum kusan 128,000 ne suka kamu a Najeriya cikin shekara ɗaya, kusan 80,000 kuma suka rasu, kansar mama ce a kan gaba. Kuma fa ƙiyasi ne, don ko da yake Ibadan suna rubuta masu kansa a rajista tun 1960, matar da ta ƙarasa a ɗakinta a wani ƙauye bayan Birnin Kudu ko Illela babu wanda ya rubuta ta a ko'ina, an dai ce daji ne ya cinye ta, an yi mata sutura an kai ta.

Bari in gaya muku yadda suke zuwa mana. Mace ta ji ɗan ƙululu a mamanta tana wanka, ba ya zafi, toh tunda ba ya zafi sai ta share, ga goyo ga girki ga kunya, wa ma za ta buɗe wa ƙirji ta nuna? Da ya fara girma sai a je kemis a sayo kafso, daga nan sai wajen mai maganin gargajiya a ba ta na sha da na shafawa da na turare, wani lokacin wanzami ya tsattsaga wurin, kuma duk inda ta juya abu ɗaya ake gaya mata, wai daji ba ya son ƙarfe ba ya son allura, in aka kai shi asibiti aka taɓa shi sai ya fantsama. Wata ma ta je ƙaramin asibitin garinsu tun da wuri, Allah ya sani ta je, amma wanda ta tarar bai san abin da yake gani ba sai ya ce maruru ne ya rubuta mata magani, ta sha ta koma ya sake rubutawa. Kafin ta iso wurinmu shekara ta zagayo, wurin ya fashe yana ruwa, hammata ta cika da kaluluwa, hannu ya kumbura ya yi nauyi sai ta tallafe shi da ɗayan. Warin kuwa ba a magana. Na taɓa karɓar wata baiwar Allah da aka naɗe mata ƙirji da tsumman atamfa da ganye, 'yarta ce take gaya mini a gefe cewa an daɗe da ware mata ɗaki da kwano a gida, jikokinta ma sun daina shiga gaishe ta, kuma da na zauna da ita ashe wannan gudun da ake yi mata ya fi ciwon ci mata rai.

Toh me muke yi wa irin wannan? Likitan tiyata ya duba ya ce ya wuce yanka, a yanko ɗan nama a kai gwaji, sakamako ya ɗauki makonni, a tura ta wajen masu kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin ciwon daji, a faɗi kuɗin, miji ya sunkuyar da kai don gonar ma an riga an jinginar, daga ƙarshe sai ka ji an ce "ku koma gida a ci gaba da addu'a, babu abin da za mu iya yi". Addu'a kam dole ce, amma cewa babu abin yi ba gaskiya ba ne, kuma shi ya sa na ɗauki waya nake rubuta wannan wasiƙa. Wannan warin da ya raba ta da jikokinta, ƙwayar Flagyl in aka niƙa ta aka barbaɗa a kan ciwon bayan an wanke shi da ruwan gishiri, cikin 'yan kwanaki sai ka ga ya ragu sosai, kuma nas za ta iya koya wa 'yarta ta riƙa yi mata a gida. Zafin da ke sa ta kwana a zaune, ruwan mofin na sha, wato maganin kashe zafi mai ƙarfi, da ake bayarwa duk bayan awa huɗu bisa ƙa'idar likita yana kwantar da shi, a haɗa mata da maganin da zai hana cikinta ɗaurewa tunda mofin yana sa haka. Wannan baiwar Allah da aka yi mata waɗannan biyun ta yi barci, ta ci tuwo, ta ce a kawo mata jikarta ta gani. Ba ta warke ba, Allah ya yi mata rasuwa daga baya, amma ta rasu tana iya sallah tana iya magana da 'ya'yanta.

Wannan fanni ne guda a likitanci, kulawar sassauta wa majinyaci wahala, kuma ba sai mutum ya kai gargara ake fara ta ba. Cicely Saunders da ta buɗe gidan kula da masu ciwon ajali a Landan a 1967 ta koyar da cewa zafin irin wannan majinyaci ba a jiki kaɗai yake ba, akwai na zuciya, akwai na tunanin iyali da bashi, akwai na tsakaninsa da Ubangijinsa. A 2010 wasu likitoci a Boston ta Amurka suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi da mutum 151 masu kansar huhu da ta riga ta bazu, wasu an haɗa musu da wannan kulawa tun daga farko wasu kuma magani kawai yadda aka saba, sai ga shi waɗanda aka sassauta wa sun fi samun natsuwa, baƙin ciki ya yi musu sauƙi, kuma a tsakaice sun rayu wata 11.6 alhali ɗaya rukunin wata 8.9. A Najeriya asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe sashe na musamman tun 2007 da ƙoƙarin su Farfesa Olaitan Soyannwo, a 2021 kuma Ma'aikatar Lafiya ta fitar da manufar ƙasa a kan wannan kulawa, amma har yau manufar ba ta sauko asibitocin ƙananan hukumomi ba inda talaka yake kwanciya.

Maganar mofin ita ta fi ƙona mini rai. Kwamitin masana da mujallar Lancet ta kafa ya fitar da rahoto a 2017 cewa abin da Najeriya ke samu na irin wannan magani bai kai kashi 1 cikin 100 na abin da majinyatanmu ke buƙata ba. Kuma ba tsada ce ta hana ba fa, garin mofin yana cikin magunguna masu araha, tsoro ne da rashin sani. Mu a Arewa mun ga abin da kodin da tiramadol suka yi wa 'ya'yanmu har gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin a 2018, saboda haka likita yana tsoron rubutawa, mai haɗa magani yana tsoron ajiyewa kar a ce ya karkatar, nas tana tsoron bayarwa kar numfashi ya tsaya a ce ita ce, dangi kuma da sun ji sunan sai su ce a'a kar a mayar mana da uwa 'yar ƙwaya. Tsoron yana da dalili ban musa ba, amma tsohuwar da kansa ta ci ƙashinta ita ake hukuntawa a kan laifin da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Yuganda ba ta fi mu arziki ba, amma tun 1993 da Dakta Anne Merriman, wadda ta taɓa aiki a nan Najeriya, ta fara wannan aiki a Kampala suke haɗa ruwan mofin da kansu, gari da ruwa da ɗan kala don a bambanta mai ƙarfi da mara ƙarfi, a 2004 kuma suka gyara doka aka ba nas-nas da suka samu horo na musamman izinin rubuta shi, majinyaci yana karɓa kyauta. Kaɗan-kaɗan suka fara suna nuna wa gwamnatinsu abin da suka gani har ta gamsu.

Nan ne maganar bincike ta shigo, kuma ina nufin binciken da masu fannoni daban-daban za su zauna tabarma ɗaya su yi. Akwai misali a tarihin kansa a nan Afirka da ya kamata kowane ɗalibin lafiya ya sani. Wani likitan tiyata Denis Burkitt yana aiki a asibitin Mulago na Kampala ya riƙa ganin yara da kumburin muƙamuƙi mai saurin girma, ya rubuta a kai a 1958. Da ya tsaya a kan wuƙarsa da shi ke nan, amma sai ya aika takardun tambaya asibitocin Afirka, a 1961 ya shiga mota da abokansa biyu suka yi tafiyar kusan mil 10,000 suna sa alama a taswira inda ciwon yake da inda babu shi, sai taswira ta nuna yana bin wurare masu zafi da ruwan sama, ba ya hawa tsaunuka masu sanyi, wato dai inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Wani masanin ƙwayoyin cuta a Landan, Anthony Epstein, ya ji laccarsa ya ce a riƙa aiko masa da naman ciwon, a 1964 shi da abokan aikinsa suka gano ƙwayar bairos a ciki, ta farko da aka danganta da kansar ɗan Adam. A Ibadan kuma Farfesa Victor Ngu ɗan Kamaru yana cikin waɗanda suka nuna cewa kemo yana narkar da kumburin. Babu ɗayansu da zai iya shi kaɗai, kuma albarkacin wannan haɗuwar yau yaron da aka kawo da wuri yana iya warkewa sarai.

Mu ma muna da tambayoyi irin waɗannan zube a ƙofar gida. Kansar hanta tana ɗauke mana magidanta da ƙarfinsu, an san manyan dalilanta biyu, ciwon hanta nau'in B da kuma gubar aflatoksin da ke fitowa daga fumfunar gyaɗa da masara in ba su bushe da kyau ba ko an ajiye su a damshi, kuma in biyun suka haɗu a jiki ɗaya haɗarin yana ninkawa ƙwarai. Toh wa zai bi rumbunanmu da kasuwannin hatsi da ƙuli-ƙulin da yara ke saye a bakin makaranta ya auna? Likitan hanta bai san rumbu ba, masanin noma bai ga wanda ke kwance a gado ciki ya kumbura ido ya yi rawaya ba, alhali tsakanin cibiyar binciken noma ta Samaru da asibitin Shika ai ba tafiya ba ce. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta riga ta samar da Aflasafe da ake watsawa a gona yana rage gubar, allurar rigakafin ciwon hanta tana cikin ta jarirai tun 2004, saura wanda zai haɗa su wuri guda. Haka tsargiya, fitsarin jinin nan da yara maza ke yi a garuruwan fadama da noman rani har wasu iyaye suna ɗauka alamar girma ce, an tabbatar tana jawo kansar mafitsara bayan shekaru, kun ga wannan aikin likita ne da injiniyan madatsar ruwa da malamin firamare da mai unguwa. Ko kansar maman ma, binciken da Farfesa Olufunmilayo Olopade ta jagoranta tsakanin Ibadan da Shikago ya nuna tana kama matanmu da ƙuruciya kuma sau da yawa nau'i mai zafi ne, saboda haka ba komai za mu kwafo daga littafin Turawa mu naɗe hannu ba.

Akwai kuma binciken da ba na lab ba, wanda a ganina shi muka fi buƙata da gaggawa. A littafi an ce ka tambayi majinyaci ya auna zafinsa daga 0 zuwa 10. Je ka tambayi dattijuwar Bahaushiya ko Bafulatana, tana damƙe da ƙarfen gado gumi na tsattsafo mata, ce maka za ta yi "da sauƙi, alhamdulillahi", balle in surukinta yana tsaye a wurin, don a tarbiyyarta raki abin kunya ne kuma tana tsoron kar ƙorafi ya zama rashin haƙuri da ƙaddara. Nas mai sauri sai ta rubuta babu zafi ta wuce gado na gaba. Ta yaya za a tambaye ta har ta faɗi gaskiya, wa ya kamata ya fita daga ɗakin tukuna? Wannan aikin masana al'ada ne na jami'o'in Bayero da Danfodiyo tare da mu. Haka batun gaya wa mutum ciwonsa. Kusan kullum dangi sukan ja mu gefe su ce "sista don Allah kar ki gaya masa, zuciyarsa za ta karaya", mu kuma mu yi gum, mutum ya tafi bai yi wasiyya ba, bai faɗi bashin da ke kansa ba, bai nemi yafiyar ɗan'uwan da suka yi shekaru ba sa ga-maciji ba, alhali da yawansu sun riga sun gane, su ma shirun suke yi don kar su tayar wa 'ya'yansu hankali. Ina so in ga malaman addini, na Musulunci da na Kirista, a cikin tawagar bincike tun daga ranar farko. Limami guda da ya fahimci cewa shan mofin saboda ciwo ba shaye-shaye ba ne, ya tuna wa jama'a a huɗuba hadisin nan cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, zai isar da saƙo inda takardun da muke liƙawa a bango ba sa kaiwa. Masu maganin gargajiyar ma a jawo su a zauna da su, tunda su suke fara ganin ƙululun kafin mu.

Yadda ake binciken yanzu kuwa, ba na son ɓata wa kowa amma gaskiya ɗaya ce, yawanci don ƙarin girma ake yi ko kammala digiri, a raba takardar tambayoyi a ɗakin jira, nas ta cike, a buga a mujalla, sakamakon bai dawo ɗakin da aka ɗauko shi ba, sunan nas ɗin ma babu a ciki. Kowane sashe da nasa. Inda abin ya zauna akwai zaman da ake yi duk mako, likitan tiyata da na kemo da na gashi da mai duba nama da mai hoto da mai haɗa magani da nas su ɗauki fayil ɗaya su yanke shawara ɗaya, wasu asibitocin koyarwarmu sun fara Allah ya saka musu, amma a wurare da dama majinyaciya ce da kanta take yawo da fayil daga wannan ƙofa zuwa waccan, wani ya ce yanka wani ya ce kemo tukuna, ta rikice ta tattara ta koma wajen mai ganye wanda shi aƙalla ya zauna ya saurare ta.

Sai maganar ma'aikata. Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate da bakinsa ya ce likitoci kimanin 16,000 sun bar ƙasar nan cikin 'yan shekaru, nas-nas kuwa kowaccenmu tana da ƙawar da take Ingila ko Saudiyya yanzu, ƙwararrun likitocin gashi a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 ba su kai 100 ba. Injin shi ma ba ya tafiya da likita kaɗai, sai da masanin fiziks da zai auna hasken da injiniyan da zai gyara in ya tsaya. A ci gaba da horar da waɗannan a biya su abin da zai riƙe su. Amma wanda yake ƙauye yau kuma zai kwana can gobe shi ne ma'aikacin lafiya na matakin farko da ungozoma da nas. A Mumbai ta Indiya an yi gwaji da mata kimanin 150,000, aka koya wa mata ma'aikatan unguwa waɗanda karatunsu bai yi nisa ba duba bakin mahaifa da ruwan khal, wanda in an shafa sai wurin da ya fara lalacewa ya yi fari, sakamakon da aka bayyana a 2013 ya nuna mutuwa daga wannan kansa ta ragu da kashi 31 cikin 100. Najeriya tana da manufar sauke wasu ayyuka ga ƙananan ma'aikata tun 2014, me zai hana a gwada irin wannan a ƙananan hukumomi biyu ko uku a auna da kyau a ga abin da ya yi da wanda bai yi ba?

Horon da nake nufi ba taron bita na kwana biyu a otal ba ne, a karɓi alawus da satifiket a watse, wanda sau da yawa ma shugaban sashe ake turawa da ya daɗe bai wanke ciwo ba. Horo a bakin gado nake nufi, kuma tun daga aji a makarantun nas da na fasahar lafiya, yadda ake laluben mama, wane ƙululu ne ba a jira da shi, lambar wa za a kira a babban asibiti don kar mace ta ɓace a hanya, yadda ake lissafin mofin da ajiye littafinsa, yadda ake zama da dangi a yi maganar mutuwa ba tare da an firgita su ba. Ni kaina a bakin aiki na tsinci yawancin wannan wajen wata babbar sista, Allah ya jiƙanta. Sannan a koma bayan wata shida a duba ko horon ya canza wani abu, mata nawa aka turo da wuri, majinyata nawa suka kwana babu zafi, wannan dubawar ita ma bincike ce kuma nas za ta iya jagorantarta in an ba ta dama.

Kar kuma a manta da masu jinya. Ku zo harabar asibiti da asuba ku ga tabarmi a gindin bishiyoyi da risho da bokitai, yawanci 'ya'ya mata ne da aka cire daga makaranta ko matan aure da suka baro yara a gida, su ke juya majinyaci su wanke shi su kwana a zaune. Muna da zumunci da dubiya da 'yan agaji a masallatai da coci-coci, in an horar da su za su iya zagaya gidaje tare da nas kamar yadda ake yi a Kerala ta Indiya, sai kuma masanin tattalin arziki ya auna kuɗin kai wa mace kulawa gida da kuɗin riƙe ta a gadon asibiti a ajiye wa gwamna a gabansa.

Roƙona ga NICRAT da asusun TETFund na manyan makarantu da duk mai ba da kuɗin bincike shi ne su ware kaso ga kulawar sassauci da horar da ma'aikata, su kuma sa sharaɗi cewa ba za a ba tawaga kuɗi ba sai an ga fannoni daban-daban a ciki da nas da wakilin majinyata, sannan a dawo a faɗa wa jama'a sakamakon da Hausa a rediyo. Jami'o'inmu na Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri kowacce tana da tsangayar likitanci da ta noma da sassan harsuna da addini a ƙarƙashin shugaba ɗaya, ba sai an jira Turawa sun zo sun haɗa su ba. Kwamishinonin lafiya su tabbatar kowane babban asibiti yana da ruwan mofin a kulle da littafinsa da mutum biyu ko uku da suka san aikinsa, hukumar nas da ungozoma da NAFDAC da NDLEA kuma su zauna su duba abin da Yuganda ta yi su ga yadda za a gwada shi a nan ba tare da maganin ya faɗa hannun 'yan ƙwaya ba.

Ku kuma Malam Edita don Allah ku turo wakilinku, ya nemi izinin hukumar asibiti da na majinyatan, ya kwana a ɗakin masu kansa ya rubuta abin da ya ji da kunnensa, sannan ku buɗe shafi ko da sau ɗaya a wata inda likita da malami da nas za su riƙa amsa tambayoyin masu karatu a kan ciwon daji. In kun buɗe ni mai aiko muku da rubutu ce in sha Allahu. Na gode da filin da kuka ba ni, Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.

Wassalam,
Wata ma'aikaciyar jinya, daga Jihar Kano